Kyamarar da Sule Gwaji Ya Zaɓa Ido a Rufe

Duk wanda ya taɓa raka Malam Sule Gwaji kasuwar Daura sau ɗaya, ba ya yarda ya raka shi na biyu. Ni kaɗai na yi ta maimaita wannan kuskure shekara da shekaru, don ba ni da mafita: taubashina ne, ɗan goggona, kuma benci ɗaya muka zauna a makarantar kwana. Ku da kuka san shi ba sai na ja zance ba. Mutumin nan ko allura ba ya saye sai ya gwada. In bokiti ne, sai ya kai shi famfo ya cika, ya ɗaga sama yana leƙen gindinsa. In tocila ce, ya cusa kai cikin babbar rigarsa ya kunna. Ran da ya je sayen tabarma kuwa, shimfiɗa ta ya yi a gaban rumfa, ya cire hula, ya miƙe abinsa. Mai tabarma ya jira, ya jira, har ya fara jin minshari.

"Malam! Malam, lafiya dai?"

Sule ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ba laifi. Amma miƙo waccan, ba a sanin ɗaya sai an ji biyu."

To wannan bawan Allah ne fa ya ɗora wa kansa aikin nemo mana kyamara, lokacin da 'yan ajinmu suka shirya taron cika shekara arba'in da barin makaranta.

A zauren Alhaji Bala muke zaman shirye-shirye. Bala shi ne shugabanmu, ya yi manyan ayyuka a birni, ya dawo gida da tumbi da jerin muƙamai. Ni kuma sakatare, saboda na ƙare aikina ina akawu, kuma ni kaɗai ne a cikinmu kwamfuta ba ta ba tsoro. Da aka zo maganar ɗaukar hoton taro, Bala ya kaɗa hannu ya ce kowa da wayarsa a aljihu, a wuce wurin.

"Waya?" in ji Sule. "Ana tsakiyar ɗauka a kira ka daga gida a ce ka taho da tattasai? Ban yarda ba."

Muka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya gyara hula ya ce, "Shekaranjiya na je Zango wurin Ilu. Ba zai zo ba. Ido ya tafi gaba ɗaya, ƙafa ma ta ƙi. Ya ce in gaishe ku, ku ma na san za ku ce in gaishe shi. To ni ba zan kwashi gaisuwar mutum talatin a baki ɗaya ba. Na yi masa alkawari zan kai masa ajin nan har ɗakinsa."

Ilu shi ne monitanmu shekara biyar. Yana zaune a bencin gaba, ba ya ko waiwayowa, amma ka yi raɗa a can lungun baya sai ka tsinci sunanka a takardar masu surutu. Mun sha bulala ta dalilinsa, mun sha tsine masa a ɗakin kwana, amma wallahi babu wanda ba ya son sa. Ciwon suga ne ya kwantar da shi. Da yawanmu mun fi shekara ba mu leƙa shi ba, kuma kunya ta kama mu a ranar. Babu wanda ya sake cewa waya.

Asabar ta zagayo muka hau motar Kano, ni da Sule. Shagon da muka shiga na wani ɗan gayu ne mai gemu a gyare, bakinsa kamar an zuba masa mai. Ya jera mana kyamarori biyar a kan gilas, ya ɗauki wata 'yar ƙarama mai ƙyalli.

"Baba, wannan ita ce yayi. Tana jawo nesa kusa. Mutum yana can tsallaken titi, za ka ga ƙudan da ke kan hancinsa."

"Me zan yi da ƙudan hancin mutane?" in ji Sule. Ya juyo gare ni. "Akawu, fita. Je ka tsaya can kusa da janareto, ka gaishe ni."

"In gaishe ka? Tun asuba muke tare!"

"Fita dai."

Na fita. Na tsaya a rana, janareto yana ta ɓaɓatu a bayana, na ɗaga murya: "Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali?" Sule ya ɗauka, ya mayar da abin baya, ya runtse ido, ya kara kyamarar a kunne. Ya girgiza kai. Ya ɗauki ta biyu. Na sake gaisuwa. Ta uku, na sake. Ashe akwai wani ɗan dako da ke hutawa a kan kurarsa daf da ni, shi a zatonsa da shi nake. Duk gaisuwar da na yi sai ya amsa, "Lafiya lau, Alhaji." A ta huɗu ya taso, ya matso kusa, ya rage murya ya ce, "Alhaji, in wata buƙata ce ta kawo ka, ka faɗa kawai. Duk mun san halin da ake ciki."

Kai! Ban taɓa jin ina son shaƙe taubashina kamar ranar ba.

Mai shago ma ya gaji. "Baba, kyamara ce fa, ba rediyo ba. Buɗe ido ka ga hoto. Ai gani ya kori ji."

"A wurin wanda zan kai wa," in ji Sule, "ji ne ya kori gani."

A ƙarshe wata tsohuwar yayi ya zaɓa, mai nauyi, wadda ta yi ƙura a can saman kanta. Dalili ɗaya: tana da ramin da ake jona mata makirfo na waje, kuma da ya saurara, muryata ta fito tas, janareto ya koma baya. Mai shago ya ciro wani abu mai gashi, ya ce rigar makirfo ce, tana hana hucin iska shiga. Sule ya juya ta, ya shinshina, ya ajiye.

"Wannan gashin zan saya? Ina da fatar ragon layya uku a bayan ɗaki."

Kuma ya aikata. Da muka dawo Daura ya yanki wajen wutsiya, ya ɗinka wa makirfon hula da hannunsa. Don ya gwada, ya sa mai babur ya yi ta gudu da shi a hanyar Zango yana karanto sunayen 'yan ajinmu. Iska kam ba ta shiga ba, ya yi nasara. Sai dai ba a gama jeme fatar ba, tana wari. Da ya je wajen Kusugu gwaji na biyu, baƙin da suka zo ganin rijiya suka ɗauka ɗan jarida ne, suka fara gyara tsayuwa, amma duk wanda ya miƙa wa makirfo sai ya ja da baya yana toshe hanci. Da muka saurari abin, babu abin da ke tashi sai zuuu, zuuu.

Na ce, "To ga ƙudan da mai shago ya yi maka alkawari."

Bai kula ni ba. Ya kai hular makirfon cikin gida, aka turara ta kwana uku da turaren wuta, aka shafe ta da humra. Ranar taro, ko'ina Sule ya gifta da kyamararsa sai ka ga dattawa suna waige, suna neman inda amarya ta ɓullo.

A gindin itatuwan dalbejiyar makarantar muka yi taron, da hantsi. An ci, an sha, an yi ta ihu ana tuna sunayen tsokana. Sai Sule ya kafa kujera ɗaya, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya kafa doka. Kowa zai zo shi kaɗai ya gaida Ilu. Ba a faɗin suna. Kuma bayan kowace gaisuwa, mutum ya yi shiru, ya ƙirga biyar a zuci, sannan ya yi ta gaba.

Bala ne ya fara, da takardar jawabi shafi huɗu. Ya yi gyaran murya: "Ni, Alhaji Dakta..."

"Tsaya! Bala, ba suna, ba muƙami."

"To ta yaya zai san ni ne?"

"Mutumin da ya shekara biyar yana rubuta sunanka a masu surutu? Ko tari ka yi zai gane ka. Ajiye takardar nan ka gaida mutum."

Wuri ya kaure da dariya. Bala ya kumbura, amma ya ninke takardarsa. Ba ƙaramin abu ba ne fa a ce dattijo ya zauna yana gaida hular rago, ya yi shiru yana jiran amsar da ba za ta zo ba. Na farko-farko da ƙyar suka danne dariya. Amma da aka yi nisa sai abin ya sauya. Garba Dogo ya ce, "Ilu, yaya jiki?" ya yi shirun nan, sai muryarsa ta ƙi fitowa a gaisuwa ta gaba. Daga nan babu wanda ya sake wasa. Ni kaina da na zauna a kujerar, sai da na ji kamar Ilu na gabana yana jira in yi surutu ya rubuta.

Washegari Sule ya kawo kyamara gidana, muka juye abin a kwamfuta. Jama'a, ina ma ban kalla ba! Ashe duk tsawon ɗaukar nan idonsa a rufe yake, yana bin sauti. Rabin mutane ba su da kai, sauran kuma an gutsure musu shi. Wasu hula kaɗai aka samu, da ganyen dalbejiya. Shi kuwa Bala, minti shida cur tumbinsa ne ke gaida Ilu, da aljihun riga da biro biyu.

"Sule, ka kashe mu. Ina kawunan mutane?"

"Suna wuyansu. Ka ji yadda murya ta fito kuwa?"

Saura tace fim, wato a yanke, a haɗa, a fitar da shi guda. Nan ne fagena, na ɗan ji kaina. Na sauko da manhaja uku don mu zaɓa, don na san ba zai karɓi ɗaya ba sai ya ji biyu. Ta farko kyauta ce, amma tana buga wani ƙaton tambari a tsakiyar hoto. Na ce wannan ba ta yi ba, tana rufe fuska. Ya ce, "Wace fuskar?" Da ita za mu tafi, ba don ta ƙi karɓar abin da ya wuce minti goma ba.

Ta biyu ita ce ta sace zuciyata. Mai wayo ce. Ka danna wuri ɗaya, ita da kanta za ta bi fim ɗin ta tsince duk inda aka yi shiru, ta zubar, ta ɗora ɗan kiɗa a ƙasa. Kafin in gama shan shayi, awa uku ta koma minti ashirin da wani abu. Na kira Sule ina taƙama. Ya zauna, ya rufe ido, na kunna. Sai ga murya tana zuba ba numfashi: ina kwana ina gajiya yaya jiki yaya iyali Allah ya ƙara sauƙi. Wani na sauka wani na hawa, kamar 'yan kamasho a tasha.

Ya miƙe zumbur. "Ina shirun?"

"Wane shiru? Ai shi ta cire. Shiru ba komai ba ne, Sule, ɓata lokaci ne."

"Ba komai ba ne? Akawu, shirun nan wurin Ilu ne. A nan zai amsa. Ka taɓa ganin an kira mutum zaure, an ɗauke tabarmarsa?"

Gaskiya ce ya faɗa, amma a lokacin raina ya ɓaci. Na kwana biyu ina fama da kwamfuta, ido ya yi ja, ga mutum ya zo yana kushe aikina. Na ce masa babu mahalukin da zai zauna awa uku yana kallon tumbin mutane. Ya ce shi ba don mai kallo ya yi ba. Na ce to ya ɗauki kayansa ya kai wa wanda ya fi ni iyawa. Ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar kyamarar. Kwana biyu ba mu yi magana ba, abin da ba mu taɓa yi ba tun muna satar mangwaron makaranta.

Rana ta uku sai ga shi da ƙullin ƙosai, kamar ba a yi komai ba. "Ka ce uku ne. Ina ta ukun? Ba a yanke hukunci ba a gama gwaji ba."

Ta ukun wata tsohuwa ce mara kwalliya. Ba ta san komai ba sai abin da ka sa ta: yanka nan, haɗa nan. Na jera masa gaisuwa uku da shirunsu, ya saurara ido a rufe, har ina ganin leɓensa yana motsi yana amsawa a madadin Ilu. Ya buɗe ido ya ce, "Yauwa. Wannan tana da tarbiyya. Ba ta sa baki sai an tambaye ta."

Da ita muka yi aikin. Na roƙi arziki ya bar ni na fitar da gajere na hotunan cin abinci, na tura wa 'yan aji a waya. Dogon kuwa, ko daƙiƙa ɗaya ta shiru bai bari na taɓa ba.

Ranar Lahadi da safe muka ɗauki kwamfuta da 'yar lasifika da kyamarar muka nufi Zango. Mun sami Ilu a kan gado, ya rame ƙwarai, an jingina shi da filo. Ban zaci ciwon ya ci shi haka ba. Kuma ina tsoron kada duk wahalar nan ta tashi a banza, ya kasa gane kowa, mu ƙara masa baƙin ciki. Sule bai yi wani bayani ba. Ya ce, "Monita, ga ajinka," ya yi mini alama na kunna.

"Ilu, ina kwana?" Sai shiru.

Ilu ya ɗaga kai, ya karkata kunne. "Lafiya lau... Bala! Bala mai surutu! A sa sunansa sau biyu!"

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, ja'iri. An ce ka yi tumbi."

Ni da Sule muka dubi allon kwamfuta, muka dubi juna, dariya ta kusa kayar da mu. Haka aka yi ta yi. Murya ta gaishe shi, ya kama sunan mai ita, ya amsa a cikin shirun nan daidai wa daida, har da ragowar wurin tsokana. Da aka zo kan Garba Dogo, inda muryarsa ta maƙale, Ilu ya ce a hankali, "Haba Dogo, da sauƙi fa. Da sauƙi." Muka tsaya sallar azahar, muka dawo muka ci gaba. Mutum talatin da ɗaya, bai kuskure ko ɗaya ba. Mai ɗakinsa ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce rabon da ta ji dariyarsa haka tun kafin ido ya tafi.

Da fim ya ƙare, Ilu ya ƙirga da yatsunsa. Ya ce, "Rajista ba ta cika ba. Saura mutum ɗaya."

"Wa?" in ji Sule.

"Kai."

"Ni ai ga ni a gabanka."

"Monita ba ya karɓar uzuri. Fita waje ka yi kamar kowa."

Ashe mai kafa doka bai iya bin ta ba! Muka fita gindin wata bishiya a ƙofar gida, na riƙe kyamara, Sule ya tsaya yana ta gyaran hula kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce, "To bari in gwada tukuna." Ya yi gaisuwarsa, yana barin shiru bayan kowace. A ƙarshe ya ce, "To Ilu, sai na sake zagayowa," ya tsaya ƙiƙam ya daɗe, ya manta ma ana ɗauka. Na ce ya yi kyau. Ya ce a'a, wannan gwaji ne, na gasken sai wani zuwan. Na liƙa gwajin a ƙarshen fim ɗin ba da saninsa ba. A duk awa ukun nan, shi kaɗai ne ya fito da kansa cikakke a kan wuyansa, don ni na ɗauka.

Na gasken bai samu ba. Duk lokacin da na tuna masa sai ya ce bai gama shiri ba. Damina ta gaba zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, rana ta biyar muka kai shi makwancinsa. Shi da ke yawo a babur yana gwada iska ya tafi, Ilu da muke ta jin tsoro a kansa yana nan.

Bayan sadakar uku na je Zango. Na shirya maganganun ba da haƙuri a hanya, amma Ilu bai bar ni na fara ba. Ya ce, "Akawu, ka zo da abin? Sa mini na ƙarshen."

Na kunna.

"Ilu, ina kwana?"

"Lafiya lau, Sule."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"To Ilu, sai na sake zagayowa."

Sai dogon shirun nan ya biyo baya, irin wanda na ce ɓata lokaci ne. Ga Sule a allo yana tsaye yana jira, iska tana kaɗa masa riga. Ilu ya ɗaga hannuwansa biyu, ya cika wurin da addu'a tun daga farko har ƙarshe, kuma wurin ya ishe shi. Ni dai ban iya cewa amin da ƙarfi ba, kuka ya hana ni.

Allah ya jiƙan Sule ɗan goggo, ya yafe masa, ya yafe mini kwana biyun da na yi ina fushi da shi. Shi da ya bar wa ɗan'uwansa wurin amsawa, ya Allah ka ba shi ikon amsa tambayar kabari, ka shimfiɗa masa wurin hutun da ba sai ya nemi na biyu ba. Amin.